Gwanintar Masu Ƙona Dutse a Malbaza

A kan babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Konni ta nufi Madawa, garin Malbaza ya yi suna da masana'antar siminti tun shekarun 1960. Mutane na ganin manyan motoci suna fita da buhuna, amma kaɗan ne suka san ma'aikacin da aikin duka ya rataya a wuyansa, wato mai kula da tanderu. Aikinsa shi ne ya sa dutsen farar ƙasa ya saki iskar kabon da ke ɗaure a cikinsa. Kilo 100 na tsantsar dutsen, in ya ƙonu sarai, yakan bar kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, kilo 44 kuma su tashi iska.

Dutsen nan ya shekara miliyoyi a ƙasar Adar yana shan rana bai saki komai ba. Dalilin haka shi ne abin da Josiah Willard Gibbs na jami'ar Yale a Amurka ya fayyace tsakanin 1876 da 1878. Abu biyu ne ke ja-in-ja a kowane sauyin sinadarai: zafin da sauyin ke ci ko yake fitarwa, da kuma yadda yake watsa ƙwayoyin abu. Rabuwar dutsen tana cin zafi mai yawa, kusan kilojul 178 a kowane giram 100, wannan ke hana ta. Iskar da ke kuɓuta kuwa tana ƙara watsuwa, wannan ke tura ta, kuma ƙarfin turawar yana ƙaruwa da hauhawar zafi. In aka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne makamashin Gibbs. Muddin yana sama da sifili, dutse na nan daram. Da ya faɗo ƙasa da sifili, sauyin ya samu hanyar tafiya da kansa.

Akwai adadi guda, K, da ke nuna inda rabuwa da sake haɗuwa suke yin kunnen doki. A wannan sauyi, K shi ne matsin iskar kabon da ke kan dutsen. A zafin ɗaki bai kai ko kashi ɗaya cikin tiriliyan na matsin iskar da muke shaƙa ba. A digiri 800 yakan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar, a kusan digiri 900 kuma sai su yi daidai. Saboda haka mai tanderu ba wuta kaɗai yake lura da ita ba. In fanka ta yi sanyin jan iska, kabon ya taru, sai rabuwar ta tsaya cik. Wannan ita ce ƙa'idar da Bafaranshe Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884, shi ma kuwa masanin siminti ne.

Gwanintar takan fito fili a bakin tanderun, wata doguwar gangar ƙarfe mai juyawa a hankali, inda zafi ke kaiwa digiri 1,450 har farar ƙasa ta haɗu da sinadaran yumɓu su zama kilinka. Gwani yakan leƙa ta baƙin gilashi ya karanci launin harshen wuta da yadda curin kilinka ke gangarowa. In ya ga ƙura ta turnuƙe, curin ya yi ƙanana, ya san wuta ta gaza, kuma ragowar farar ƙasar da ba ta haɗu ba za ta kumbura ta tsaga gini daga baya. In curin ya yi manya yana manne wa juna, wuta ta wuce kima, ana asarar makamashi, tubalin cikin tanderu na cinyewa. Gyaran da ya yi yanzu sai bayan wani lokaci zai ga sakamakonsa, don haka dole ya riga matsala isa wurin, ya taɓa wuta kaɗan-kaɗan, ya haɗa abin da idonsa ya gani da rahoton ɗakin gwaji.

Makamashin da mai tanderu ya cusa wa dutse shi ne jarin magini. Da siminti ya haɗu da ruwa sai ya fara daskarewa da kansa yana fitar da ɗumi, shi ya sa ake niƙa kilinka da ɗan jibsam don a rage masa gaggawa. Ɗalibin Konni ko Illela da ke fama da lissafin Gibbs a aji ya sani cewa sana'a ce sukutum yake koyo, kuma akwai masu riƙe da ita dare da rana a cikin jiharsa ta Tawa, waɗanda ingancin kowace gada da kowane aji ya dogara da natsuwarsu.