Hajru Ba Mari Ba Ne: Sharhi a Kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, gadon dokar Turawan mulki ta 1916. Tsohuwar ta ɗauki mai taɓin hankali tamkar haɗarin da za a killace. Sabuwar kuwa ta tabbatar masa da haƙƙoƙi, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da shi bisa tilas, ta kuma tanadi kwamitin da zai saurari kokensa.

Rauninta shi ne ta fi hangen majinyacin da ke gadon asibiti. A ƙasar Haɗejiya, daga Auyo zuwa Guri da Kiri Kasamma, asibitin masu taɓin hankali na jihar Jigawa yana can Kazaure, a ɗaya gefen jihar. Wanda iyalinsa suka kasa kai shi, a ɗakin gida ake tsare shi, ko wurin mai ruƙiyya. Ta yaya kokensa zai isa kwamiti?

Nan ne ya wajaba malamai su yi magana, domin ana fakewa da fiƙihu a abin da bai halatta ba. Hajru a mazhabar Malikiyya hana mutum tasarrufi ne da dukiyarsa, don kare maslaharsa, ba izinin ɗaure jikinsa ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya iyakance hajrun mahaukaci da farfaɗowarsa, fuƙaha'u kuma sun bambance haukan da ya zarce da wanda ke zuwa yana tafiya. Ma'ana, tilas a riƙa sake duba halinsa, waliyyi kuma amintacce ne da alƙali ke iya tuhuma. Abin da aka gano a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba shi da mafaka a wannan babi.

Gyaran da ya dace a matakin jiha shi ne a ba alƙalin kotun Shari'a mafi kusa ikon karɓar ƙara daga maƙwabci ko limami, ya sa likita ya duba wanda aka tsare, ya yanka wa tsarewar wa'adi. A yankin da ambaliya ke tayar da ƙauyuka cikin dare, kamar yadda aka gani a 2022, wanda ke cikin sarƙa ba ya iya gudu.