Jinjina Ga Matan Da Suka Yi Ɗinki A Iska

Duk wadda ta taɓa ɗaura leshi ranar biki ta san darajarsa. Sai dai tun kafin inji ya karɓe aikin, allura da zaren lilin suna cikin kayan aikin matan Italiya masu yin leshi.

A birnin Benis na ƙarni na 16, sai mace ta zana fure a kan fata mai laushi, ta shimfiɗa zare bisa layukan zanen, sannan ta bi da allura, ƙulli bayan ƙulli. In ta gama sai ta warware ɗinkin da ya riƙe fatar, leshin ya fito shi kaɗai, babu yadi a ƙarƙashinsa. Shi ya sa suka raɗa masa suna punto in aria, wato ɗinki a iska. Ƙaramin abin wuya kan ci watanni, ya ci idon mai yinsa. Da yawa daga cikin masu yinsa marayu ne da matan gidajen ibada. Attajirai suka yi ado, sunayen masu aikin suka ɓace.

Wannan ne ya sa nake girmama Isabella Parasole. A 1595 ta wallafa littafin zanen leshi a Roma, a zamanin da maza suka mamaye wannan fage, ta kuma sa sunanta a kai. Wasu littattafan suka biyo baya har zuwa 1616.

Ƙwarewar matan nan ta kai ga Faransa ta kwaso masu leshi daga Benis wajen 1665 don su koyar da 'ya'yanta. Sannunku da aiki, gwanayen allura. Kun cancanci a kira ku masu fasaha.