Malfar Jaji

Duk lokacin da na ga dattijuwa zaune a tsakar gida tana biya wa jikoki karatu, jajin Nana Asma'u nake tunawa. Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta lura matan ƙauye ba za su iya barin ɗakunansu su zo birni neman ilimi ba, sai ta zaɓi dattijai masu amana ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji kan jagoranci 'yan taru, tsofaffi da 'yan mata, su tako da ƙafa har wurinta. Su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da salla da tarihin Manzo, su koma su rera wa matan aure a bakin murhu da turmi.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne, waɗannan malamai iyaye ne. Ba albashi, ba aji, sai ƙura da ƙayar hanya. Yaron da ke goye yana jin karatun tun kafin ya san allo. Allah ya jiƙansu, ya haskaka makwancinsu.