Soyayya ko Makoki? Ra'ayoyin 'Yan Kallo a Kan Fim ɗin The Lunchbox

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba ra'ayoyin 'yan kallo game da wani fim na ƙasar Indiya mai suna The Lunchbox, wanda Ritesh Batra ya rubuta, ya kuma ba da umarni, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa cikin 2013. Mun zaɓe shi ne domin Hausawa sun daɗe suna kallon fina-finan Indiya, tun wajen shekarun 1950, har sun sami ma'aunin da suke auna su da shi, wato waƙa da rawa da haɗuwar masoya a ƙarshe. Wannan fim kuwa bai hau wannan ma'auni ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, yawancin saɓanin da ake yi a kansa ya samo asali ne daga rashin tantance jigonsa.

2.0 Labarin a Taƙaice

A birnin Mumbai akwai ƙungiyar 'yan dako da ake kira dabbawala, waɗanda tun 1890 suke ɗaukar kwanonin abincin rana daga gidaje zuwa wuraren aiki, a kan keke da cikin jirgin ƙasa, kuma sun shahara da rashin kuskure. A kan kuskurensu guda ɗaya aka gina labarin. Ila, wadda Nimrat Kaur ta fito a matsayinta, matar aure ce da mijinta ya daina kula ta. Sai ta shirya girki na musamman don ta jawo hankalinsa, amma kwanon ya faɗa hannun Saajan Fernandes, wato Irrfan Khan, wani akawu gwauro da ke dab da yin ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Daga nan suka shiga musayar wasiƙu a cikin kwanon. Da suka sa ranar haɗuwa a wani gidan abinci, Saajan ya je, ya hango ta, ya ga ƙuruciyarta, ya kasa ƙarasawa wurinta. Fim ɗin ya ƙare Ila tana shirin tafiya ƙasar Bhutan da 'yarta, shi kuma yana cikin jirgi tare da 'yan dakon yana neman gidanta.

3.0 Ra'ayoyin 'Yan Kallo

Ana iya kasa ra'ayoyin gida uku. Kashi na farko su ne masu yabo. A Cannes fim ɗin ya sami kyautar Grand Rail d'Or, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa masu sha'awar silima suke bayarwa, wato kyauta ce ta 'yan kallo. Haka kuma da hukumar da ke zaɓar wa Indiya fim don gasar Oska ta tsallake shi a 2013, ta ɗauki The Good Road, an yi ta ce-ce-ku-ce, har masu shirya fim ɗin suka fito fili suka nuna ɓacin ransu.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka ji an yi musu rowa. A ganinsu labarin yana tafiyar hawainiya, ba rawa, ba faɗa, sannan bayan duk wannan jira ba a nuna musu ko masoyan sun haɗu ba. Kashi na uku kuwa suka ce ai Ila da igiyar aure a kanta, don haka bai dace a sa mai kallo ya yi mata fatan haɗuwa da wani namiji ba.

4.0 Tantance Jigo

Mu a namu nazarin, kashi na biyu sun ɗauki ƙaramin jigo sun mai da shi babba. Babban jigon fim ɗin shi ne makoki, da yadda mutum yake fita daga cikinsa. Soyayya hanya ce kawai da aka bi aka warware shi. Hujjarmu tana cikin zubin labarin, domin kusan kowane ɗan wasa yana ɗauke da irin nasa rashin. Saajan yana kwana kallon tsofaffin kaset-kaset na wasan talabijin da matarsa ta naɗa kafin ta rasu. Maƙwabciyar Ila ta saman bene, wadda muryarta kawai ake ji, ta shekara da shekaru tana jinyar miji da ke cikin doguwar suma. Shaikh, wato Nawazuddin Siddiqui, wanda zai gaji kujerar Saajan, maraya ne. Ita kanta Ila makokin aure take yi alhali mijin yana raye. Ranar da mahaifinta ya rasu kuwa, abin da mahaifiyarta ta iya faɗi shi ne yunwa take ji. Ashe a wannan fim jin yunwa da jin daɗin abinci alama ce ta dawowar rai.

Idan aka kalli abin ta nan, za a ga labarin Saajan ya kammala. Mutumin da da farko yake korar yaran unguwa daga ƙofar gidansa, yake guje wa Shaikh, shi ne daga baya ya raba abincinsa da shi, ya rufa masa asiri a kan kuskuren aiki, ya kuma tsaya masa a matsayin dangi ranar aurensa. A al'adarmu an yanka wa mace takaba wata 4 da kwana 10, tana da ranar shiga da ranar fita. Namiji ba shi da irin wannan iyaka, saboda haka yana iya shekaru cikin makoki ba wanda ya sani. Shigar Saajan jirgin nan ita ce fitarsa takaba. Ko ya sami Ila ko bai same ta ba, ya riga ya tashi.

Game da kashi na uku, gaskiya ne Ila matar aure ce, amma ya kamata a lura cewa mijin ne ya fara cin amana, kuma ita da Saajan ko hannu ba su taɓa haɗawa ba. Inda muke ganin rauni shi ne, marubucin ya fi yi wa Saajan adalci. An bi sauyawarsa daki-daki, ita kuwa an bar ta da sayar da kayan adonta da burin wata ƙasa da ba ta taɓa gani ba, ba tare da an nuna da me za ta riƙe kanta da 'yarta ba.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa wanda ya shiga kallon wannan fim da ma'aunin soyayya zai fito da ƙorafi, wanda kuwa ya gane makoki ake warwarewa zai ga ƙarshen ya dace da farkon. Darasi a nan ga masu nazari da masu shirya fina-finan Hausa shi ne, gwauro da bazawara da wanda furfura ta fara kamawa su ma suna da labarin da ya isa a gina wasa a kansa. Ya rage gare mu malamai mu koya wa ɗalibai su fara tambayar mene ne jigo kafin su yanke wa wasa hukunci.