Daga Blackpink Zuwa Ƙwaryar Barmani

'Yan matanmu na Katuzu sun kamu da kallon Blackpink a waya, to bari mu duba yadda aka haɗa su. Kamfanin YG Entertainment na Koriya ta Kudu ne ya zaɓo Jisoo, Jennie, Rosé da Lisa, ya yi shekaru yana horar da su, ita Jennie kusan shekara 6, kafin ya fito da su a Agustan 2016 da waƙar "Boombayah". Rawar tsaf take, ba mai saɓa taku. Amma fa waƙar rubuta musu aka yi: bakin nasu ne, maganar ta kamfani ce.

Mu ma ai mun san ƙungiyar mata mawaƙa. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, a gidajen biki da suna ta yi tashe, ita da 'yan amshinta da makaɗan ƙwarya. "A Kama Sana'a Mata" daga rayuwar mata ta ɗauko ta, shi ya sa mai ƙosai da mai fura suka riƙe ta tasu.

Don haka, 'yan mata, ku koyi naci wurin 'yan Koriya. Abin faɗa kuwa, ku tambayi iyayenku mata a tsakar gida.