Alƙaluman Masu Kallo a Intanet: Me Suke Aunawa?

A shekarar 2016 kamfanin Facebook ya amsa cewa ya yi kimanin shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke ɗauka suna kallon bidiyo, domin lissafinsa yakan zubar da duk kallon da bai kai daƙiƙa 3 ba. Masu talla da gidajen jaridu kuwa bisa irin waɗannan alƙaluma suke tsara aikinsu. To, ko da lissafin ya yi daidai, me ya auna? Ya ƙirga shigowa da daɗewa, amma bai bambanta wanda ya fahimta da wanda ya tsaya kawai ba. Saboda haka wajibi ne manazarci ya binciki yadda aka samo adadi kafin ya kafa hujja da shi.