Jinjina ga Mazan Dusar Ƙanƙara na Suwidin

Mutumin Lau da ya saba ganin masu kwale-kwale suna tunkarar ruwan Binuwai da gora ya san juriya in ya gan ta. Ita nake jinjina wa a jikin 'yan tseren dusar ƙanƙara na farko a Suwidin, masu ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su dogara sanda biyu su keta daji.

Tun 1922 ake tseren Vasaloppet, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora. Per-Erik Hedlund, ɗan garin Särna, ya lashe shi a 1926. A gasar Olamfik ta 1928 a St. Moritz, zafi ya taso ana tsakiyar gudu, ƙanƙarar ta narke ta zama caɓi, amma ya cinye tseren kilomita 50 da ratar sama da minti 13.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru a Vasaloppet na 1928. Hedlund da amininsa Sven Utterström suka isa ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, da niyya. Alƙalai suka ba Hedlund nasara. Su kuwa suka yanka lambobin yabonsu biyu-biyu, aka haɗa rabin zinare da rabin azurfa, kowa ya ɗauki ɗaya.